In an rufe dattin yuraniyom da ƙasa, shi ke nan an rabu da shi?

Isuhu Ɗan Agadas:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masana ƙasa da ruwa da ke cikinmu. Mahaƙar yuraniyom ta Cominak da ke Akokan, gefen Arlit a arewacin Nijar, an rufe ta a ƙarshen Maris 2021, bayan ta yi aiki tun 1978. Abin da ta bari a fili shi ne tulin ragowar ma'adini, wajen tan miliyan 20. Shirin da aka sanar shi ne a lulluɓe tulin da laka da dutse, kaurin mita biyu. Mutane a nan sun rabu biyu. Wasu na cewa da an rufe magana ta ƙare, ƙasa za ta shanye gubar. Wasu na cewa rufa-rufa ce kawai. Ni so nake in gane: ƙasa tana riƙe wannan abu da gaske? In tana riƙewa, har yaushe?

Alhaji Mamman Mai Taki:
Wa alaikumus salam. Ni ba masani ba ne, amma a iya sanina babu abin da ƙasa ba ta ci. Duk abin da aka binne, a ba shi shekaru, sai a neme shi a rasa. Mita biyu ai ba wasa ba ne, Isuhu. Ku kwantar da hankalinku.

Dakta Rabi:
Ranka ya daɗe Alhaji, abin da ƙasa ke ci shi ne abin da ke ruɓewa: ganye, itace, nama, kashin dabba. Yuraniyom da radiyom ba sa ruɓewa, wuta ba ta cinye su, babu ƙwayar bakteriyar da za ta mayar da su wani abu dabam. Lokaci kaɗai ke rage tiririnsu, wato ƙarfin nan da suke fitarwa wanda ido ba ya gani amma yana cutar da jiki, kuma kowanne da nasa lissafin. Radiyom-226, wanda shi ne babban abin damuwa a irin wannan tuli, sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Toriyom-230 da ke haifar da shi kuwa, wajen shekara 75,000. Masana'anta yuraniyom kaɗai take tsamewa daga dutsen, sauran danginsa duk suna nan a cikin ragowar. Shi ya sa kusan kashi 85 cikin 100 na tiririn dutsen asali a tulin yake zama.

Tambayar Isuhu kuwa, amsarta ita ce: eh, ƙasa tana riƙewa ƙwarai. Sai dai riƙo ne mai sharaɗi. Ya danganta da wane sinadari ne, wace irin ƙasa ce, wane irin ruwa ke ratsa ta. Ranar da sharaɗin ya canja, abin da ta riƙe shekara da shekaru sai ta sake shi.

Malam Tanimu:
Bari in ɗora a kan ta Dakta daga ɓangarenmu na ƙasar noma. Ka ɗebi ƙasar jigawa, ka jiƙa, ka murza a tafin hannu: za ka ji tana gurzar fata, ka buɗe hannu ta watse. Ka ɗebi ta fadama: santsi za ta yi, ta manne a yatsu, har ka iya murza ta ta yi tsawo ba ta tsinke ba. Bambancin laka ce. Ƙwayar laka ƙanƙanuwa ce ƙwarai, falle-falle take a jere, kuma fuskarta na ɗauke da cajin negatif. Ƙarfen da ya narke a ruwa yawanci cajin fozitif gare shi, sai ya maƙale a jikinta. Ta haka ƙasa ke riƙe fotash da kalsiyom na taki, ta haka kuma take riƙe sitirontiyom da radiyom.

Amma wannan riƙon na waje ne, ana iya musanya shi. Ruwa mai gishiri ko mai yawan kalsiyom ya zo, sai ya ture wanda ke zaune ya hau gurbinsa. Shi ya sa sitirontiyom-90, wani sinadari mai tiriri ɗan uwan kalsiyom, ya fi tafiya a ƙarƙashin ƙasa, shuka kuma tana zuƙarsa a matsayin kalsiyom, in ya shiga jikin mutum ya wuce ƙashi.

Akwai riƙo na biyu mai ƙarfi, na siziyom-137. Shi ba ya cikin dattin mahaƙa, daga tashar nukiliya da bam yake fitowa, amma a kansa aka fi yin bincike, don haka yana da kyau a san shi. Akwai lakar da asalinta daga maika ne, dutsen nan mai ƙyalli da ke ɓarewa falle-falle. Bakin fallayenta yakan ɗan buɗe, kuma girman ƙwayar siziyom ya yi daidai da tsagar. Ya shiga, fallayen su matse a kansa, ruwan sama ya yi ta zuba bai fito da shi ba. A Fukushima ta Japan bayan hatsarin tashar nukiliya na 2011, kusan duk siziyom ɗin da ya sauka a gonaki a santimita biyar na sama ya tsaya. Shi ya sa Japan ta bi tana kankare saman ƙasa tana zubawa a manyan buhuna, har ta tara wajen kubik mita miliyan 14, kuma dokarsu ta ce dole a kwashe shi daga yankin Fukushima kafin 2045.

Alhaji Mamman Mai Taki:
To ai magana ta dawo wajena, Malam. Ga shi ka ce ruwan sama bai fito da shi ba.

Malam Tanimu:
A wannan irin ƙasar, Alhaji. Ga wata kuma. Da tashar nukiliya ta Carnobil da ke Yukiren ta fashe a Afrilu 1986, ruwan sama ya sauke siziyom a tsaunukan Wales da arewacin Ingila. Hukumomin Birtaniya suka hana sayar da tumakin wurin ba tare da gwaji ba, suna tsammanin abin na 'yan makonni ne ko watanni, don lissafinsu a kan ƙasa mai laka suka yi shi. Ashe ƙasar tsaunukan ruɓaɓɓen ciyayi ce mai tsami, laka kaɗan, fotash kaɗan. Babu tsagar da za ta kulle siziyom, sai ciyawa ta yi ta zuƙa, tumaki su ci, su yi kashi, ciyawa ta sake zuƙa. Ba a ɗage takunkumin ƙarshe ba sai 2012. Shekara 26.

A tsibirin Bikini ma haka. Amurka ta yi gwajin bama-bamai a can, aka mayar da mutanen wurin gida a farkon shekarun 1970, aka sake kwashe su a 1978, saboda siziyom ya taru a jikinsu ta hanyar kwakwa da sauran abincin da suke nomawa. Ƙasar wurin murjani ce, ba laka. Abin da zai ba ka sha'awa a sana'arka, Alhaji, maganin da ya fi aiki a Bikini da gonakin shinkafar Fukushima takin fotash ne. Shuka ba ta bambance siziyom da fotash sosai, in ta ƙoshi da fotash sai ta rage zuƙar ɗayan.

A gefe guda, ƙasarmu ta savana yawancinta rairayi ne da laka irin ta farar ƙasa, wadda riƙonta ke da rauni. Ba ita ce ƙasar da za a dogara da ita ta kulle komai ba.

Sagir:
Da girmamawa ga malamaina, ni fa wannan magana ta "ƙasa tana riƙewa" ita ce irin wadda kamfanoni ke so a ji. Mun zagaya Japan da Ingila, alhali Arlit aka tambaya. A ƙarshen 2009 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta je Arlit da Akokan, ta ɗebi ruwa a wurare biyar, huɗu daga ciki yuraniyom ɗinsu ya haura iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya. Kafin su kuma, ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa mai auna tiriri ta je a 2003 bisa gayyatar ƙungiyar Aghir In'Man ta mutanen Arlit. In ƙasa na riƙewa, me ya kai shi ruwan sha?

Dakta Rabi:
Sagir, tambayarka ce ta kawo mu tsakiyar maganar, kuma ilimin da kake zargi shi ne ke goyon bayanka. Yuraniyom halinsa dabam da siziyom. Fuska biyu gare shi, iskar oksijin ce ke juya shi daga wannan zuwa waccan.

Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata zai gane da sauri. A cikin karofi, inda iska ba ta shiga, baba a narke yake, ruwan na da launin kore-kore. Marini ya tsamo zane ya ɗaga, kana kallo iska na bugunsa yana rikiɗa zuwa shuɗi, launin ya zauna a zare ba ya narkewa kuma. Yuraniyom haka yake, amma a juye. Inda babu iska, can cikin taɓo mai ruɓaɓɓen ganye ko dutse mai zurfi, daskarewa yake yi ya zama baƙin ma'adini, ruwa ba ya ɗaukarsa. Da iska ta same shi sai ya narke ya bi ruwa.

Ma'adinin Arlit kansa ta haka ya samu. A zamanin da, ruwa mai iska ya wanko yuraniyom daga duwatsun yankin Ayar, ya bi ta cikin dutsen yashi, har ya iso inda ragowar tsirrai suka binne suka cinye iskar. Nan ya zauna ya taru, ya yi miliyoyin shekaru bai motsa ba. Haƙa kuma ita ce warware wannan: a fito da dutsen sarari, a niƙe shi ya zama gari, a zuba masa ruwan batir da sinadarin da ke ƙara masa oksijin don ya narke. Wanda aka kasa tsamewa yana nan a tulin, a yanayin da ya fi sauƙin tafiya. Ramukan haƙar kuma suna shigar da iska cikin shimfiɗar dutsen da ke ɗauke da ruwan ƙasa.

Ko a narken ma akwai mai kama shi: tsatsar ƙarfe, wadda ke ba jar ƙasa da marmara launinsu. Tana riƙe shi sosai in ruwan bai yi tsami ba, bai kuma yi kanwa ba. In ya yi tsami ƙwarai, ta sake shi. In ya yi kanwa, sinadarin kabonet ya naɗe yuraniyom ya mayar da cajinsa negatif ko ya kashe cajin gaba ɗaya, laka ba ta kama shi, tsatsa ba ta kama shi. Har masana'antu na amfani da dangin kanwa wajen narkar da shi daga wasu duwatsu. Ruwan ƙasa na yankuna masu fari kuwa sau da yawa mai kabonet ne.

Abu ɗaya zan ƙara don adalci. Kamfanin Faransa da ke haƙar a lokacin ya musanta wasu sakamakon, kuma yanki mai ma'adini ruwansa kan ɗauki yuraniyom ko ba a haƙa ba. Raba na Allah da na haƙa sai da alƙaluman rijiyoyi na kafin a fara aiki. Sannan iyakar hukumar a wancan lokaci maikurogiram 15 ce a lita, a 2011 aka mayar da ita 30.

Sagir:
Ka ji! Da abin ya haura iyaka sai aka ɗaga iyakar.

Dakta Rabi:
Ba don Arlit aka ɗaga ta ba, ƙanena. An dogara ne da binciken mutanen da suka daɗe suna shan ruwan rijiya mai yuraniyom na asali, musamman a Finland. Kuma iyakar ta ƙoda ce. A ruwan sha yuraniyom ya fi cutarwa a matsayin ƙarfe mai guba ga ƙoda fiye da tiririnsa. Kana iya ƙin yarda da lambar, akwai masanan da suka ƙi, amma a kan hujja.

Injiniya Lawal:
Ni aikina haƙa burtsatse da lissafin ruwan ƙasa, bari in nuna muku inda ake yawan faɗawa rami. A ɗakin gwaji ana auna riƙon ƙasa a sauƙaƙe. A zuba ƙasa giram kaɗan a kwalba, a zuba ruwa mai ɗauke da sinadarin, a ɗora a injin girgiza kwana ɗaya ko mako, a tace, a auna nawa ya rage a ruwa, nawa ya koma ƙasa. A raba wannan da wancan, a sami lamba guda. Ta siziyom a laka takan kai dubbai. Ta tiritiyom, wato haidirojin mai tiriri, sifili ce, shi cikin ruwan kansa yake, tare suke tafiya. Ta yuraniyom kuma tana iya zama kusan sifili, tana iya zama dubbai, a ƙasa iri ɗaya, in dai ruwan ya canja. Sai a ɗauki lambar nan guda a saka a kwamfuta, ta ce nan da shekara kaza wuri zai tsarkaka.

An yi haka a Hanford da ke jihar Washinton, inda Amurka ta haɗa fulutoniyom na bama-bamanta. Akwai ruwan ƙasa mai yuraniyom a bakin kogin Kolambiya. A shekarun 1990 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar sama, lissafi ya ce cikin shekara uku zuwa goma ruwan zai sauka ƙasa da iyaka da kansa. Shekarun suka wuce, yana nan kusan yadda yake. Da aka koma aka duba, sai aka ga duk sanda kogi ya cika, ruwan ƙasa na tasowa ya jiƙa shimfiɗar da ke samansa, ya wanko yuraniyom ɗin da ke maƙale a can. Wani kuma ya shige ƙananan tsagogin tsakuwa, yana fitowa a hankali a hankali. Ruwan kwalba ba ya tasowa ya janye kamar na kogi, shi ya sa gwajin bai nuna wannan ba.

Maman Ilham:
Dakta, tunda rashin iska ke daskarar da shi, me zai hana a toshe masa iskar kawai a huta?

Dakta Rabi:
An gwada, Maman Ilham. A garin Rifle na jihar Kolorado, a farkon shekarun 2000, an riƙa ɗura sinadarin asitet a rijiyoyi don a ciyar da wasu bakteriya na cikin ƙasa. Suka yawaita, suka canja yanayin ruwan, yuraniyom ya ragu sosai cikin makonni. Matsalar ita ce yana nan a wurin, zama kawai ya yi. Ruwa mai iska ya dawo, ko nitiret irin na takin zamani ya sauko, sai ya sake narkewa. A wasu yankunan noma na Amurka an ga inda nitiret ya yi yawa a ruwan ƙasa, yuraniyom na asali ma yakan yi yawa.

Ga kuma inda abin ya fi ɗaure kai. A tuli irin na Akokan ba yuraniyom kaɗai ba ne. Radiyom yana zaune ne a cikin gishirin salfet da ruwan batir ya bari, da kuma jikin tsatsa. In ka toshe iska, akwai bakteriyar da ke cin salfet, akwai mai narkar da tsatsa. Yanayin da ya zaunar da yuraniyom shi ne ke iya tayar da radiyom. Babu yanayi guda da zai yi wa dukkansu daidai.

Ɗan Kawu:
Ni duk wannan dogon bayani bai dame ni ba. Faransa ce ta jawo mana. Ta kwashe arziki ta bar datti. Kun manta ita ta tayar da bam a Reggane cikin hamadar Aljeriya ranar 13 ga Fabrairu 1960? Har Najeriya ta kori jakadanta a Janairu 1961 a kan haka. Gwamnatin wancan lokaci ta fi mu zuciya.

Malam Tanimu:
Tarihin da ka kawo haka yake. Amma siziyom ɗin da ke cikin ƙasar gonakinmu yau, ɗan kaɗan ne, kuma yawancinsa daga manyan gwaje-gwajen Amurka da Tarayyar Sobiyet ne, waɗanda burbushinsu ya zagaya duniya ya fi sauka wajen 1963. Saboda yadda yake manne wa laka, masana ƙasa har amfani da shi suke yi wajen auna zaizaya: inda ya ragu ƙasa ta tafi, inda ya taru ƙasa ta sauka. An yi irin wannan aiki a kudu maso yammacin Nijar.

Mai Kula da Zaure:
Ɗan Kawu, maganar wa ya ci wa ya bari tana da zaurenta. A nan a tsaya kan tambayar Isuhu, don Allah.

Isuhu Ɗan Agadas:
Na gode ƙwarai. Amma ku tuna mu nan ruwan sama bai kai milimita 100 a shekara ba. Duk bayanin ruwa ne kuke ta yi. Mu iska ce ke damunmu. In ta taso daga gabas, ƙura har cikin kwanon abinci.

Injiniya Lawal:
Gaskiyarka, kuma nan ne riƙon ke zama matsala. Abin da ya manne wa laka, duk inda lakar ta je tare za su je, ita kuwa ƙwaya mafi ƙanƙanta ita iska ta fi ɗauka, ita kuma huhu ya fi karɓa. A Rasha akwai tafkin Karachay, inda masana'antar Mayak ta riƙa zuba dattin nukiliya. Taɓon gindinsa ya riƙe abin da kyau. A 1967 aka yi fari, ruwa ya janye, taɓon ya bushe, iska ta kwashe shi ta watsa a ƙauyuka masu nisan kilomita da dama. Daga baya cike tafkin aka yi da kankare da duwatsu.

Ko a ƙarƙashin ƙasa ma haka. Fulutoniyom an daɗe ana cewa ba ya motsi. A 1999 aka wallafa cewa an same shi a rijiya a filin gwaji na Nebada, kilomita 1.3 daga ramin wani bam na 1968. Bai narke ba, ƙananan ƙwayoyin laka da ke yawo a ruwa ya hau.

Dakta Rabi:
Saboda haka, Isuhu, ga yadda nake ganin murfin. Ga ƙura, yana aiki daga ranar da aka gama shi. Ga radon, iskar da radiyom ke fitarwa mai jawo sankarar huhu, shi ma yana aiki, don ƙarfin radon yana raguwa da rabi cikin kwana 3.8. In laka mai kauri ta jinkirta shi, yawancinsa zai mutu kafin ya fito. Masu cewa rufewar banza ce ba su yi daidai ba. Barin tulin a buɗe ya fi komai muni.

Abin da murfi ba ya taɓawa shi ne ƙarƙashi. Ruwan tsamin da ya riga ya tsiyaya shekara arba'in yana can yana tafiyarsa. Sannan laka in ta bushe tana tsagewa, ruwan hamada kuma in ya zo da ƙarfi yake zuwa, ya yanka kwari a dare ɗaya. Tambayoyin da ya kamata mutanen gari su riƙa yi su ne: rijiyoyin sa ido nawa ne kewaye da tulin, wa ke aunawa, ana buga sakamakon a fili, kuma wa zai gyara murfin bayan shekara hamsin.

Sagir:
To a nan mun haɗu, Dakta. Amma "wa zai gyara" ɗin nan ni ban ga mai amsa ta ba.

Baba Audu Bukuru:
Salamu alaikum. Yarona ne ke karanta mini yana rubuta abin da na faɗa. Mu nan Filato kududdufan haƙar kuza ne ko'ina, tun na zamanin Turawa. Da ruwansu muke noman rani, kabeji da karas da tumatir. Yashin da aka wanke kuza aka bari kuma mutane na ɗiba su yi bulo da yaɓe, don yana da kyau ga arha. An ce shi ma yana da wannan tiriri. Mu daina ban ruwan ke nan?

Malam Tanimu:
Allah ya ƙara lafiya, Baba. Naku dabam ne da na Arlit. A yashin kuza akwai wasu ƙwayoyi masu nauyi, monazayit da zarkon, masu ɗauke da toriyom da ɗan yuraniyom. Wannan riƙo ne na uku, wanda ya fi duka ƙarfi: sinadarin yana cikin ginin ƙwayar dutsen kanta. Ƙwayoyin nan sun jure ruwa da rana shekaru aru-aru, shi ya sa ma suka taru tare da kuza a kwari. Wankin kuza kuma da ruwa ake yi, ba da ruwan batir ba. Saboda haka toriyom ba ya saurin narkewa ya shiga kabeji. Ban ce kowane kududdufi lafiya lau yake ba, a auna shi ya fi, har don dalma da sauran ƙarafa. Amma ni yashin ya fi tayar mini da hankali. An auna wuraren tara shi da injinan tace kuza a Jos da Bukuru, an sami tiriri ya ninka na sauran wurare sosai. Wanda ya yi yaɓen ɗakin kwana da shi, tiririn na dukansa dare da rana, radon kuma na taruwa in taga a rufe take. Musamman baƙin yashi mai nauyi da ke fitowa daga injin tacewa, kada a kai shi gida, kada yara su yi wasa a kansa. Kayan lambu kuma a wanke ƙasar jikinsu sosai.

Baba Audu Bukuru:
Madalla. Na yashin zai yi wuyar faɗa wa mutane, tifa guda ta yashin kogi kuɗi ne. Amma zan faɗa a masallaci.

Maman Ilham:
Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. In mutum na zargin ruwan burtsatsensa, tafasawa ko sa alam zai yi?

Injiniya Lawal:
Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, tana korar radon, amma yuraniyom da radiyom suna nan, ruwan ne ma ke raguwa su ƙara kauri. Alam yana kwantar da laka da abin da ke manne da ita, yana iya rage wani abu, sai dai ba abin dogaro ba ne ga wanda ya narke cikin ruwa mai kanwa. Abin da ke cire shi sosai shi ne matatar nan mai tura ruwa ta cikin siririyar fata da ƙarfin famfo, irin ta manyan masu ruwan roba, ko matatar resin mai musanya sinadarai. Ita ma in ta cika sai an san inda za a zubar da ita.

Kafin a kashe kuɗi a kan matata, a fara aunawa, don yawancin burtsatse ba su da wannan matsalar. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da na'urorin irin wannan awo. A bar famfo ya yi ta zuba na ɗan lokaci kafin a ɗiba, don a sami ruwan ƙasa ba wanda ya kwana a bututu ba. A tambayi ɗakin gwajin irin robar da suke so, don sukan ɗiga ɗan asid a ciki, in ba haka ba yuraniyom na manne wa jikin robar sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. Kuma a ɗiba sau biyu, ɗaya a ƙarshen rani, ɗaya bayan damina ta zauna ruwan ƙasa ya taso.